Laifin Hannu ko na Fulogi

Ƙauri ne ya kai Auta ɗakin aikin mijinta. Tana kicin tana ɗauraye kofunan shayi ta jiyo shi, irin warin nan na roba idan ta sha wuta, mai maƙale wa mutum a maƙogwaro. Ta leƙa ta tarar da maigidan durƙushe a ƙarƙashin tebur, ya fizge wayar kwamfuta daga bango, yana korar hayaƙi da hularsa.

"Lafiya, Baban yara?"

"Ina fa lafiya! Ina tsakiyar haɗa bidiyon mutane allo ya ɗauke ɗif. Kafin in ce me ya faru, sai wari."

Sana'arsa ke nan, haɗa bidiyon talla wa masu shaguna da kamfanoni. Kwamfutar da yake aiki da ita babba ce, irin mai murfin gilashi a gefe, kuma abin da ya fi komai cin wuta a cikinta shi ne katin hoto, wani faffaɗan kati mai fankoki uku wanda shi ke ɗaukar nauyin duk wani zane da ke fitowa a allo. Saboda yawan cinsa, katin yana da nasa fulogin daban, ɗan ƙarami da bai wuce babban yatsa ba, amma wutar da ke bi ta cikinsa ta kusa ta dutsen guga.

Auta ta goge hannu da zaninta, ta ɗauko sukudireba ta kwance murfin. Da ƙyar fulogin ya yarda ya fito. Kusurwarsa ɗaya ta narke ta dunƙule ta yi baƙi ƙirin. Ta juya shi a tafin hannunta, tambarin kamfaninsu na nan raɗau a bayansa. Ba wai ba ta sani ba ne, ita ta kawo shi gidan.

Kamfanin na gado ne. Mahaifinsu ya fara shi da ɗan shagon haɗa wayoyin lantarki, da ya rasu ya bar wa 'ya'yansa biyu, waɗanda dukansu aikin lantarki suka karanta. Babban, wanda ita da duk ma'aikata ke kira Yaya, shi ke riƙe da kamfani kuma shi ke zana kaya. Ita kuwa Auta ɗakin gwaji ne a hannunta, ba abin da ke fita kasuwa sai ya ratsa ta teburinta. Wannan waya ta katin hoto ita ce abin alfaharin Yaya: mai kauri, an yi mata riga ta saƙa, kyakkyawa kamar a rataya a wuya. Ta karɓu ƙwarai. Sai dai jefi-jefi dillalai na dawo da ɗaya ko biyu a ƙone, kuma amsar Yaya ba ta canzawa: mai kayan bai tura fulogi ya kai ƙarshe ba.

Washegari ta ajiye masa fulogin a kan zanen da yake dubawa.

Yaya ya gyara tabarau, ya jawo fitilar tebur, ya daɗe yana juya abin. Mutum ne mai son aikinsa, ba ya duba abu sama-sama. Can ya nuna mata wani ɗan layi a jikin robar da bakin fensir.

"Kin ga wannan? Nan ya tsaya a cikin soket. Gefen nan bai zauna ba. Manyan haƙoran da ke ɗaukar wuta rabi suka kama, shi ya sa suka yi zafi. Na wane ne?"

"Na gidana ne."

Ya kwashe da dariya har da buga tebur. "Ango! Ai na san za a rina. Hannun Ango na danna linzamin kwamfuta ne, ina shi ina tura fulogi?" Shekara da shekaru da auren, har yara sun shiga makaranta, amma Yaya bai daina kiran mijin ƙanwarsa Ango ba.

"Yaya, ni na saka shi."

Dariyar ta tsaya, amma ba ta tafi duka ba. "To ke ma kin yi gaggawa ke nan. Yana faruwa."

"Ban yi gaggawa ba. Na tura shi har na ji ƙugiyarsa ta ce ƙas, na sa fitilar waya na haska, na ja shi na ga ya kama. Aikina ne fa. Idan ni da nake kwana ina tashi da wannan fulogi zai ƙone a hannuna, wa zai tsira?"

"Auta, layin nan ba ya ƙarya."

"Ni ma ba na yi."

Suka tsaya suna kallon juna irin kallon da suka saba tun suna yara, shi yana jira ta sauko don shi ne babba, ita kuwa ta cije. Daga ƙarshe ya tura mata fulogin da yatsa. "Ɗakin gwaji naki ne. Ki ƙona min guda ɗaya wanda aka saka daidai, in gani da idona, sai mu yi magana."

Ta koma ɗakinta ta tattare hannun riga. Ta jera katunan hoto a kan dogon teburin gwaji, ta aika aka kira mata mutane daga ko'ina a kamfanin: masu injin roba, matan da ke naɗe waya, mai gadi, har da direba. Kowa ta miƙa masa fulogi ta ce ya saka yadda ya ga dama. Sannan ta kunna katunan ta ɗora musu aiki mai nauyi, fankoki suka yi ta kuka wuni guda, ita kuma tana zagayawa da kyamarar auna zafi, wadda ke nuna wuri mai sanyi da shuɗi, mai zafi da ja.

Ba wanda ya yi ja. Ko na mai gadi, da ya saka da hannu ɗaya yana riƙe da rediyonsa a ɗayan, lafiya lau ya zauna. Ta sake gwajin washegari, ta sake bayan nan. Shuɗi da ɗan ruwan ɗorawa, shi ke nan.

Yaya ya riƙa leƙowa da kofin shayi a hannu. "Injiniya, an samu gobarar? Ko in aiko da ashana?"

Ta ci gaba da zagayawa da kyamararta. Amma a ranta ta fara shakka. Ko dai da gaske ranar hankalinta na wani wuri? Ko ƙas ɗin da take tunawa na wani fulogin ne? Abin ya tsaya mata a rai har abinci ya daina yi mata daɗi.

Ranar hutu suka haɗu a gidan mahaifiyarsu kamar yadda suka saba. Ana cikin cin abinci a falo, yara na guje-guje a tsakar gida, Yaya ya kasa haƙuri.

"Ango, na ji an ce ka kusa tashin unguwa."

Mijin Auta mutum ne mai sanyi, ya yi murmushi kawai. "Yaya, ni ko taɓa abin ban yi ba. Iyakata in rufe murfi in kunna."

"To ai ga wadda ta taɓa, ta tara min ma'aikata kwana da kwanaki tana neman laifin waya, waya ta ƙi yin laifi."

"Kayan da aka dawo mana da su fa?" in ji Auta. "Duk mutanen nan ba su iya saka fulogi ba? Har da masu haɗa kwamfuta da suka yi shekaru a sana'ar?"

"Dubbai muka sayar. Nawa suka dawo? Da laifin zane ne, da duka sun ƙone."

"Ba haka ba ne, kai ma ka sani. Gada ba sai ta kayar da kowace mota ake cewa ta lalace ba."

Inna ta ajiye cokali. "Kai, ku saurara mini haka. Wuni shida kuna tare a wurin aiki bai ishe ku ba, sai kun kawo mini wayarku cikin kwano? Kai babba, ka bar yarinya ta ci abinci, dubi yadda ta rame. Ke kuma, yayanki ne, sassauta murya."

"Inna, ki raba mu to," in ji Yaya.

"Ni? Rimot ɗin talabijin ma jikokina ke kunna mini. Ku je can ku ƙarata."

Aka yi dariya, aka ci gaba da cin abinci. Auta dai ba ta yi dariyar ba, don wata kalma ta mijinta ta maƙale mata a kunne. Ta juya ta kalle shi.

"Me ka ce ɗazu? Iyakarka ka yi me?"

"In rufe murfi in kunna."

"Kai ka rufe murfin ranar da na saka?"

"E mana. Aka kira ki a waya kika fita, ni na ƙarasa. Har sai da na ɗan danna shi da gwiwa kafin kusoshin su shiga, wayar nan taku tauri gare ta kamar wutsiyar kada."

Auta ta ajiye lomar da ta ɗauko. Duk gwajin da ta yi, a kan buɗaɗɗen tebur ta yi shi, katuna a tsirara, wayoyi a miƙe suna shan iska. Ba wanda ke aiki da kwamfuta haka a gidansa.

Da sassafe ta sa mijin ya ɗora mata akwatin kwamfutarsa a mota. A ɗakin gwaji ta sa wani katin da sabuwar waya, ta tura fulogi ya ce ƙas, ta haska ta ga ya zauna daram. Sannan ta ɗauko murfin gilashin ta kawo shi a hankali, idonta na kan fulogin. Katin faffaɗa ne, ya kusa taɓo murfi, wayar kuma daga bakinsa take fitowa ta nufi gilashi kai tsaye. Da gilashin ya taɓa ta, ba ta lanƙwashe salin-alin ba, kaurinta bai bari ba. Sai ta tokare, ta tura fulogin gefe. Ƙugiyar da ke riƙe shi guda ɗaya ce, a tsakiya take, tana nan a maƙale, amma kusurwa ɗaya ta ɗaga kaɗan. Ɗagawar ba ta kai ido ya lura ba. Auta ta sake buɗewa da dabara, ta yagi gefen takarda ta zura a wurin, takardar ta shige sumul.

Ta zauna a kujera ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. Sannan ta tashi ta haye sama ofishin Yaya ba tare da ta ƙwanƙwasa ba.

Ya saurare ta har ta gama. Sai ya miƙa hannu ya zaro kwalin wayar daga kantar ofishin, ya juya bayan kwalin ya ɗora yatsa a kan rubutu.

"Karanta. Kada a lanƙwasa waya kusa da fulogi, a bar mata tazara. Ni na rubuta da hannuna. Wanda ya danna murfi da gwiwa ya saɓa umarni. Har yanzu laifin hannu ne, Auta, kin dai canza hannun ne daga naki zuwa na Ango."

"To nuna min akwatin da ke da wannan tazarar."

"Akwai manya."

"Nawa ne a kasuwa? Je ka shagon kowane dillali ka duba abin da mutane ke saya. Ka ba mutum waya, ka ce kada ya lanƙwasa ta, alhali murfinsa ba zai rufu ba sai ya lanƙwasa. Ya bar kwamfutar a buɗe ƙura da yara su shiga? Umarnin da ba mai iya bi, kariyar kanmu kawai muka rubuta, Yaya."

Ransa ya ɗan sosu. "Mutum mai hankali zai iya lanƙwasa ta a hankali, nesa da fulogin, ya rufe lafiya."

"Madalla. A kamfanin nan ba wanda ya kai ka hankali da sanin wannan wayar. Sauko ka rufe da kanka."

Labari ya riga su sauka. Kafin su isa ɗakin gwaji, ma'aikata sun fara taruwa a bakin ƙofa, kowa da ɗan uzurinsa, wannan ya zo aron filaya, wancan ya zo tambayar abin da ya sani. Yaya ya cire agogo ya ajiye, ya zaɓi sabuwar waya daga kwali da kansa. Ya saka fulogin da kyau irin na mai abu, ya bi wayar da yatsu yana lallaɓa ta, yana tanƙwara ta sannu a hankali nesa da kai. Ya kawo gilashin. Sai da ya ɗan matsa kafin ya zauna, matsawa kaɗan wadda ba za a kira ta ƙarfi ba. Ya ɗaure kusoshi ya kaɗe hannu.

"Bismilla, kunna."

Gilashi ba ya barin kyamarar zafi ta ga ciki, don haka tun da safe Auta ta cire ragar da ke saman akwatin ta kafa kyamarar tana leƙawa ta nan, ta haɗa ta da babban allon bango yadda kowa zai gani. Ta ɗora wa katin aiki mafi nauyi. Fankoki suka ɗauki kuka.

Da farko shuɗi ne ko'ina. Yaya ya harɗe hannu a ƙirji. Aka jima, wurin fulogin ya koma ruwan ɗorawa, wanda ba abin damuwa ba ne. Idan wannan ma ya wuce lafiya, Auta ba ta da sauran abin faɗa.

Sai wani ɗigo ya bayyana a kusurwar fulogin, ja kamar garwashi. Ya tsaya, ya ƙara faɗi. Sauran haƙoran na nan yadda suke, shi kaɗai ke ci gaba da hawa. Jan ya fara komawa fari a tsakiyarsa, lambar da ke gefen allo na ta hauhawa, sannan wani siririn wari ya fara tashi daga saman akwatin.

"Kashe," in ji Yaya a hankali. "Kashe, kada mu yi asarar katin."

Ta kashe. Ya kwance murfin da kansa, ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ƙugiya na nan a maƙale. Kusurwa ta ɗaga. Robar ta fara sheƙi tana laushi.

Auta ta zaci za ta ji daɗin ganinsa haka, sai ta tarar tausayinsa ne ya fi yawa. Ta san dararen da ya ɓata a kan wannan zane. Ta buɗe baki za ta sassauta masa, sai ya riga ta, kuma ba da muryar wanda aka kayar ba, da muryar mai aiki.

"Me ya sa katin bai ɗauke ba? Ƙananan haƙoran nan na ƙasa aikinsu ke nan, su shaida wa kati cewa fulogi ya zauna. In bai zauna ba, bai kamata ya ja wuta ba."

"Sun yi tsawo," in ji ta. "Su ke fara taɓawa, su ke ƙarshen saki. Manya sun ɗaga, su suna nan suna ce wa kati komai lafiya."

Ya ɗago ya kalle ta. "Shaidar zur suke yi."

"Ita fa."

"A ja su ciki ke nan. Su zama ba sa taɓawa sai manya sun gama zama." Ya lalubi aljihu babu fensir, ta miƙa masa nata. Ya jawo murfin kwali ya fara zane a tsaye. "Ƙugiya kuma biyu, hagu da dama."

"Kan fulogin kuma a yi masa gwiwa, waya ta sauka ƙasa, ta daina tunkarar gilashi."

"Gwiwa za ta sa mu canza mazubin roba gaba ɗaya."

"Sai mu canza."

Ya sosa ƙeya da fensir. Sannan ya juya wajen mutanen da ke bakin ƙofa. "Kun gani da idonku, ba sai an ba ku labari ba. Laifin zane ne, zanen kuma nawa ne. A tsayar da injin wannan wayar. A sanar da dillalai duk wadda ke hannunsu ko hannun mutane a dawo da ita, za mu musanya. To me kuke jira, ko biki ake yi?"

Aka watse ana ƙus-ƙus ana murmushi. Shugabar masu naɗe waya, wata dattijuwa da ta yi aiki tun zamanin mahaifinsu, ta matse hannun Auta a wucewa.

Makonnin da suka biyo baya ba su yi sauƙi ba. Mazubin farko ya fito da ƙugiyoyi masu tauri har sai an sa filaya kafin a cire fulogi. Na biyu kuma ƙananan haƙoran sun shige ciki da yawa, katin ya ƙi tashi ko an saka daidai. Wa da ƙanwa suka yi ta kai ruwa rana a kan kaurin da bai kai na farce ba. Wasu dillalai suka yi fushi, wasu suka ce tun da suke ba su taɓa ganin kamfani ya kira kayansa da bakinsa ba, suka ƙara oda.

Da na uku ya iso, Auta ta shiga ɗakinta da niyyar mugunta. Ta sayo akwatuna iri-iri, har da mafi matsi da ta samu a kasuwa. Ta danna murfi da gwiwa. Ta ja waya, ta murɗe ta, ta girgiza akwati kamar mai tankaɗe. Ta saka fulogin a karkace da gangan ta kunna: allo ya ƙi kawo komai, fankoki ko motsi. Ta tura shi ya zauna, ya tashi nan take. Yana tsakiyar aiki ta sa sukudireba ta ɗaga kusurwarsa da ƙarfin tsiya, allo ya ɗauke kafin ta ƙifta ido, kyamara kuwa shuɗi. Ta yi ta yi har hannunta ya gaji, fulogin ya ƙi ko ɗumi.

Sannan ta aika a kira Yaya, ta miƙa masa sukudireban. Shi ma ya gwada iya muguntarsa. Da allon ya sake ɗaukewa a hannunsa, sai ya saki wata irin dariya da ta daɗe ba ta ji daga bakinsa ba, ya ɗaga fulogin sama kamar kofin gasa. Masu injin da suka biyo shi suka ɗauki tafi, matan naɗe waya suka rangaɗa guɗa, direba ya fita ya hau danna ham a tsakar kamfani har maƙwabta suka leƙo.

"Auta ta ci! Auta ta ci!" in ji wani daga baya.

"Ta ci, ta cinye," in ji Yaya. "Ku koma bakin aiki, akwai mutane na jiran kayansu."

Bayan kwana biyu ta iso da safe ta tarar ƙarti biyu na kokawar shigar da teburin zanen Yaya ta ƙofar ɗakin gwaji, shi yana bayansu yana ba da umarni, a juya ta nan, a ɗaga ta can.

"Wannan kuma fa?"

"Na sauko. Daga yau ba layin da zan ja sai kina kusa kina yi mini gardama tun yana kan takarda. Ya fi sauƙi a kan in bari sai an zuba roba."

Auta ta rataye jakarta, ta dubi inda suke shirin ajiye teburin, baki har kunne.

"Ba nan ba, za ka tare mini haske. Ku kai shi can jikin taga."

Suka kai shi jikin taga.